Hannun da Nake Magana da Shi

Zuwa ga maigidana, Abban Auta,

Sallama irin ta masu kewar juna, da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya gajiya, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu dai muna nan kalau. Auta tana gaishe ka, ta ce in sanar da kai haƙorinta na gaba ya fita, kuma ita ta cire abinta.

Na yi ta neman wayarka ba ta shiga. Na san a wurin aikin madatsar ruwan nan naku sai mutum ya hau tudu kafin ya samu layi, shi ya sa na ba direban kamfaninku wannan takarda. Akwai labari, amma kada ka tayar da hankalinka, Allah ya tsare.

An bugi motarmu ta baya. Na ɗauko Auta daga makarantarsu ta kurame, danja ta tsayar da mu dab da gidan mai, sai kawai na ji gum, motar ta yi gaba kaɗan ta tsaya. Hannuna na hagu yana kan sitiyari, ya lanƙwashe. Auta tana baya ɗaure da bel, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Da yake ba ta ji ƙarar ba, ta ɗauka ni ce na taka birki da ƙarfi, har da hararata ta madubi.

Wanda ya buge mu wani dattijo ne mai sayar da furanni da dashen itatuwa, a cikin tsohuwar a-kori-kura. Ya ajiye wata tukunyar fure a kujerar gaba, ta tafi za ta faɗi, ya kai hannu zai tare, ƙafarsa ta saki birki. Shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sanda haka, ba a ma tambaye shi ba. Da ya fito bai ko kalli motarsa ba, wurinmu ya nufo. Ya yi ta yi wa Auta sannu ba ta amsa ba, sai na ce masa ba ta ji. Ya durƙusa a gabanta a tsakiyar titi, ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai. Ta dube shi sama da ƙasa, ta kakkaɓe masa ƙasar da ke kafaɗarsa.

Ɓarnar ba yawa. Fitilar baya ta fashe, bamba ta lotsa, but ya ƙi rufuwa, na ɗaure shi da ƙyallen da na samu a jakar aikina. Hannun kuwa a ranar ɗan tsami kawai yake yi, na shafa man zafi na kwanta. Washegari ya kumbura, na je asibiti, suka ɗauki hoto suka ce ba karaya, targaɗe ne, suka naɗa mini bandeji. Ka san ni bahaguwa ce a komai in ban da rubutu da cin abinci, don haka almakashi yana ɗan ba ni wahala a shagon ɗinkin da nake aiki, amma ina lallaɓawa.

Wani mutum ya kira ni daga kamfanin inshorar dattijon, murya kamar an shafa mata zuma. Ya ce za su gyara mota, su kuma ba ni ɗan wani abu na targaɗen, in dai zan je in sa hannu a takarda a rufe magana. Ni ina ganin in je in sa, kowa ya huta. Me ka gani?

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ka gaishe da mutanen ɗakinku.

Taka har kullum,
Bahaguwarka

*

Zuwa ga Abban Auta,

Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen naɗin. Ka ce in yi abin da na ga ya dace, ka kuma ce za ka ajiye aiki ka taho. Na farko na karɓa, na biyu ban yarda ba. Ka zauna ka ƙarasa kwangilarka.

Ban sa hannu a takardar nan ba, kuma ba wayona ne ya hana ni ba. Ana gobe zan je, sai ga sallamar dattijon nan mai furanni a ƙofar gida. Ya nemi kwatance a wurin ɗan sandan, ya zo duba mu. Na shigo da shi falo, na je kawo masa shayi. Na ɗaga buta da hagu yadda na saba, sai na ji kamar an soka mini allura a gindin babban yatsa, butar ta suɓuce, ruwa ya malale a kan tire. Ya bi hannun nawa da kallo. Da na gaya masa gobe zan je in rufe magana da kamfanin, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "'Yata, kada ki sa hannu sai hannun ya warke. Takardar nan in kika sa, ko gobe aka gano wani abu ba mai saurarenki." Na ce, "Baba, ai inshorarka ce." Ya ce shi ya sa yake biyansu, don rana irin wannan.

Na kai maganar wurin wata lauya, uwar wani yaro ɗan ajin su Auta, wadda muke haɗuwa a bakin makaranta. A tsaye jikin motarta ta karanta takardar, ta ce dattijon ya yi gaskiya. Ta ce in koma asibiti, in adana kowane rasit, in karɓo rahoton 'yan sanda da na likita, kuma duk wanda ya sake kira daga kamfanin in ba shi lambarta.

Na koma aka sake hoto. Ashe akwai tsagewa a wani ɗan ƙashi na wuyan hannu. Likitan ya ce irin wannan sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko, kuma da na ci gaba da yanka da shi da sai an kai ga tiyata. Yanzu an sa mini siminti daga babban yatsa har kusa da gwiwar hannu. Uwar ɗakina a shago ta gwada ni a kan sa maɓalli, ta ga abin ba ya yiwuwa, ta ce in je gida in huta, teburina na yanka yana jirana. Kayan makaranta sun taru musu, amma ko a fuska ba ta nuna mini ba.

Rashin aikin da sauƙi, Abban Auta. Abin da ke cin raina shi ne magana da yarinyar nan. Da hagu nake yi mata magana tun tana goye, dama rakiya kawai take yi. Yanzu na koma kamar mai in'ina. Kalmomin da ake yi da hannu biyu sai su fito rabi, wasu ma su koma wata ma'ana. Da farko abin dariya ya zame mata, tana kwaikwayona. Amma ranar nan ta dawo daga makaranta da kuka, ƙawarta ta ce ba ta yi da ita, ta koma zama da wata. Ta zayyana mini komai da hannuwanta, na gane duka, sai dai na kasa mayar mata da abin da ke raina. Ina son in ce mata ƙawaye suna ɓatawa su shirya, abin da hannuna ya iya fitarwa bai wuce "ba komai" ba. Ta dube ni ta ce, "Akwai komai." Ta hau gado ta juya wa bango fuska ta rufe ido. Ka san in ta rufe ido ta rufe ƙofa ke nan, ba ta inda za ka shiga. Na zauna a bakin gadon ina shafa bayanta da hannu ɗaya, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Inna ta zo da jakarta, ta ce ba za ta koma ba sai an cire simintin. Na gode da ka gaya mata, duk da ban so ka gaya mata ba. Mahaifiyarka ta karɓe kicin da wanki, har kitso ta yi mini. Da Auta kuwa suna nan yadda ka san su: Inna tana ɗaga murya kamar ƙarfin murya zai buɗe kunne, Auta tana kallon bakinta tana jira ta gama.

Ka sa mu a addu'a. Auta ta ce ka taho mata da irin duwatsun nan masu sheƙi na bakin ruwa.

Matarka mai kewarka,
Bahaguwa, wadda yanzu dole ta zama badamiya

*

Maigidana,

Ina gaishe ka gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba. Da fatan ruwan saman da ka ce ya tsayar muku da aiki ya lafa, kuma bayan ya yi sauƙi. Mu alhamdulillahi. Hannun ya daina zogi, sai ƙaiƙayi a ƙarƙashin simintin, wanda Inna ta kama ni ina sosawa da allurar saƙa ta ƙwace.

Bayan takardata ta baya al'amarin ya so ya cakuɗe. Lauya ta aika wa kamfanin rahoton likita, sai suka amsa cewa ba su gamsu ba. Wai bugun bai kai ya tsaga ƙashi ba tunda fitila kawai ta fashe, wai ban je asibiti a ranar ba, hoton farko kuma bai nuna komai ba, don haka wa ya sani ko faɗuwa na yi daga baya. Da lauya ta karanta mini sai na ji kunya ta rufe ni, kamar an kama ni da kayan sata. Na ce mata a bar maganar, ba na son a mayar da ni maƙaryaciya a kan abin duniya. Ta ce ba zagina suka yi ba, aikinsu ne su tambaya, namu kuma mu amsa. Ta ce in bar mata fushin, ita ta iya shi.

Aka sa mana ranar zama a ofishinsu, hawa na sama, wani ɗaki mai dogon tebur da sanyin da ya sa yatsuna suka ƙage. Wata jami'a ce ta karɓe mu, ba mai muryar zuman ba. Mun zauna ke nan sai ga dattijo mai furanni ya shigo, ya sha wankakkun kaya da guga, amma ƙasa tana nan a ƙarƙashin farcensa. Ba wanda ya tilasta masa zuwa. Lauya ta ce masa rubutaccen bayani ma ya isa, ya ce a'a, maganar da aka faɗa ido da ido ta fi zama.

Ya ce wa jami'ar, "Ni na buge ta tana tsaye. Da idona na ga ta fito daga mota tana tallafe da hannun nan kamar an ba ta ajiyar ƙwai. Ko but ɗin da haƙori da hannu ɗaya ta ɗaure shi, ni na riƙe mata bakin ƙyallen." Jami'ar ta tambaye shi ko ya san wannan zai iya ƙara masa abin da yake biya a shekara. Ya ce ya sani, ɗansa ya gaya masa har ya gaji da gaya masa, yau ma sai da ya ɓoye masa makullin mota, a tasi ya zo. Ni dai na sunkuyar da kai, don na san in na dube shi kuka zan yi.

Daga nan ta juyo kaina ta ce in faɗi abin da raunin ya hana ni. Na ce yanka a shago, da ɗaukar abu mai nauyi. Zan tsaya a nan, lauya ta taɓa ni da ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Sai na ce ya kuma hana ni magana da 'yata. Jami'ar ta ɗago kai ba ta gane ba, na yi mata bayani, na nuna mata yadda kalma take fita da hannu ɗaya. Ta ajiye biro ta saurara har na gama, sannan ta rubuta mai tsawo. Ta ce za su tura ni wurin likitan da ba nasu ba ba namu ba, abin da ya faɗa shi ke nan. Na je, ya duba hotunan biyu, ya ce irin wannan tsagewa daidai take da lanƙwasar hannu a kan sitiyari. Yanzu amsa muke jira.

Bari in ba ka labarin da ya fi wannan daɗi. Wata rana da la'asar na fito daga wanka na tarar da Inna zaune a kan tabarma, Auta ta kama yatsunta tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun ranar da yarinyar ta juya wa bango fuska Inna ta ƙudura a ranta sai ta koyi maganar hannu. Ta ce mini, "Shekarun nan duka ke na bar wa nauyin, in kin yi shiru gidan ya yi mata shiru. Bai kamata ba." Yatsun Inna sun yi tauri da sanyin ƙashi, malamar tata kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan, in ta yi kuskure sai ta buge mata hannu. Na ce Auta ba a dukan kaka, Inna ta ce in fita daga maganar makaranta. Ranar nan ta so ta ce wa Auta ta zo ta yi wanka, ta ce mata ta zo a dafa ta. Sai da yarinyar ta faɗi ƙasa don dariya. Maganar ƙawar nan ma a wurin Inna ta ƙare, ban san me ta ce mata da kalmominta 'yan kaɗan ba, amma Auta da ƙawarta sun shirya.

Ka shirya, don in ka dawo za ka tarar mahaifiyarka ta kusa kamo ka.

Inna tana sa maka albarka. Ni kuma ka san sauran.

Taka,
Maman Auta

*

Zuwa ga Abban Auta, wanda muke ta duban hanyarsa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina yi maka albishir. Magana ta ƙare, kuma ta ƙare da alheri.

Kamfanin ya amince. Sun biya asibiti da magani, da albashin da na rasa a shago, da gashin hannun da za a yi mini nan gaba, sun kuma ƙara da diyyar wahalar da aka sha. Ba dukiya ba ce, amma ba mu ci bashin kowa ba, kuma ba a taɓa abin da kake turowa ba. Wannan karon da lauya ta miƙo mini takarda ta ce in sa hannu, sai da na karanta ta tun daga sama har ƙasa, tana yi mini dariya. Na tambaye ta ladan aikinta, ta ce in hannu ya warke in ɗinka wa ɗanta kayan makaranta masu aljihu mai ƙarfi, don duk abin da ya tsinta a hanya a ciki yake zubawa. Mota ma ta dawo daga gareji, but yana rufuwa har ya fi da.

Mun je gonar dattijon ni da Inna da Auta don yi masa godiya. Muka same shi yana ba dashe ruwa. Na fara jero godiya, ya katse ni ya ce shi ne da neman gafara, kada in juya masa lissafi. Ɗan nasa ma ya fito ya gaishe mu, kansa a ƙasa, ya kawo mana kujeru. Ban riƙe shi da komai ba, tsoron asarar mahaifinsa ne ya sa shi. In ka dawo ina so ka je ka gaishe da bawan Allahn nan da kanka. Mutumin da ya buge ni a titi ya tsaya mini tsayuwar da sai uba.

An cire simintin. Da wani ɗan zarto mai ƙara suka yanka shi, hannun ya fito siriri, fari fat, fata tana saɓa, kamar na wata aka ara mini. Mai gashin ƙashi ta ce in bi shi a hankali, ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Almakashi sai nan gaba, amma yatsu suna motsi.

Tun ina cikin simintin nake tanadin abin da zan fara gaya wa Auta da hannuwana biyu. Na tsara kalamai masu daɗi, a tasi ma da zan dawo ina ta bitarsu a kan cinyata. Na shigo gida, na tura ƙofar ɗakinmu, sai na gan ta tsaye a tsakiyar gadonmu da takalman makaranta, a kan farin zanen da Inna ta wanke, tana miƙa hannu saman kabad. Ban san lokacin da hannuwana biyu suka tashi ba: "Sauko. Takalmi a kan gado? Wa ya koya miki?"

Ta tsaya cak. Ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake yi mata faɗan tun daga farko. Ta ce in ƙara. A na ukun dariya ta ci ƙarfina, ita kuma ta diro daga gadon ta kama hannun nawa na hagu ta manna a kumatunta, ta ƙi saki. Inna tana bakin ƙofa tana ce mini da yatsunta masu tauri in ƙyale yarinya, zane ai wankuwa yake yi.

Ka rubuto mini ranar da za ka taso, in sa a yi maka gyaran ɗaki. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya saka wa duk wanda ya tsaya mana da alheri.

Ni ce matarka,
Bahaguwarka